Cefane a Amurka da Turai: tambayoyin da aka fi damuna da su

Shekara biyar na yi a Jamus, na ɗan zauna wajen yayata a Ingila na wasu watanni, yanzu kuma ina cikin shekara ta shida a Amurka, to shi ya sa duk wanda ya samu biza a danginmu ko ɗansa zai tafi karatu sai a ce a kira ni a tambaye ni. Kuma abin mamaki ba maganar haya ko sanyi ake fara yi ba, maganar ciki ce, me ake ci, akwai tsada, da gaske kazarsu roba ce. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya wallahi, ga su nan na tattara.

Anti, a taƙaice dai, ina abinci ya fi kyau?

In taƙaitawa kike so to ga ta: a Turai ko talaka ya shiga kanti mafi araha ya ɗauki abu mafi araha, zai fito da abinci mai ɗan mutunci. A Amurka kuwa akwai mafi kyawun da za ki samu a duniya, akwai kuma tarkacen da ko kyauta aka ba ki sai kin yi tunani, kuma duk a gari ɗaya, abin da zai raba ki da tarkacen shi ne kuɗinki da motarki da unguwar da kike. Wannan shi ne duk labarin, sauran bayani ne kawai.

Sannan a daina cewa "Turai" kamar ƙauye ɗaya ne. Kantin Sifen daban, na Ingila daban, na Folan daban. Tumatirin da za ki ci a kudancin Italiya da rani ba shi da haɗi da wanda za ki saya a Hamburg a watan Janairu. Ni abin da na fi sani Jamus ne da Ingila, sai Faransa da na je ziyara sau uku.

Da gaske burodin Amurka kamar kek yake don zaƙi?

Na leda da ke jere a kanta, eh, akwai suga a ciki sosai, ga laushi kamar katifa, kuma zai yi miki sati biyu a kan tebur bai nuna alamar lalacewa ba, wanda shi kansa abin tambaya ne. Har shari'a aka yi a kan wannan a Ayalan a 2020, kotun ƙolin ƙasar ta ce burodin gidan abincin nan na Amurka mai suna Subway ba zai ci sunan burodi ba a wajen biyan haraji, saboda sugan da ke ciki ya kai kashi 10 cikin ɗari na nauyin fulawar, alhali dokarsu kashi 2 ta yarda da shi.

Amma fa bari in faɗi gaskiyar da Turawa ba za su gane ba. Mu da muka tashi da burodin mai shayi, mai zaƙi mai laushi da ake tsomawa a shayi mai kauri, burodin Amurka ne ya fi kama da na gida. Ranar da na fara cizon burodin Jamus, baƙi, mai tsami, mai nauyi kamar bulo, na ɗauka ya lalace ne har na so in mayar musu. Sai da na shekara kafin bakina ya saba, yanzu kuma shi nake mafarki. Jamusawa suna da burodi sama da kala 3,000 a rubuce, kuma kusan kowace unguwa da gidan gashinta. Faransa kuwa tun 1993 suka yi doka cewa in za ka kira burodinka na gargajiya to fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, ba ƙarin sinadari. 'Yan uwanmu na Nijar da suka saba da dogon burodin nan na Faransa su ba sa shan wahalar da na sha.

Akwai kuma maganar sinadarin bromet, wannan da NAFDAC ta haramta sawa a burodi tun zamanin Dora Akunyili. Turai sun hana shi tuntuni, Ingila tun 1990. A Amurka har yau gwamnatin tarayya ba ta hana ba, jihar Kalifoniya ce ta yi dokarta a 2023 wadda za ta fara aiki a 2027. Wato a wannan guda ɗaya dai, a takarda, Najeriya ta riga Amurka. Burodi mai kyau akwai shi a Amurka, kar a ce na ce babu, amma sai kin je gidan gashi na musamman kin biya kuɗin da a Jamus zai saya miki guda uku.

Me ya sa a Turai ƙwai yana kan kanta kawai, a Amurka kuma cikin firij?

Saboda Amurka wanke ƙwai suke yi da inji kafin ya fito kasuwa, wankin kuma yana cire wani siririn rufi da Allah ya yi wa ɓawon wanda ke hana ƙwayar cuta shiga, to da zarar an wanke dole ya zauna a sanyi har a ci. A Tarayyar Turai kuma wanke ƙwan da za a sayar wa jama'a ne ma aka hana, sun ce a gyara tsaftar gidan kajin tun farko, a Ingila ma rigakafi ake yi wa kajin. Shi ya sa wani lokaci za ki buɗe kwali a Jamus ki ga ɗan gashi ko ɗan kashin kaza a jiki, kamar dai na kasuwar gida.

Kowace hanya tana aiki. Abin da ba ya aiki shi ne ki sayi ƙwan Amurka ki ajiye a kan kabad kamar yadda kika saba a Kano. Wani abu mai amfani, kowane ƙwai a Turai da lamba a jikinsa, lambar farko 0 na nufin kiwon gargajiya ba sinadari, 1 kajin suna fita waje, 2 suna cikin ɗaki a sake, 3 na keji ne.

To maganar kazar da ake wankewa da kulorin da naman da ake yi wa allurar girma fa?

Duka gaskiya ne amma an ƙara musu gishiri. Turai sun hana shigo da kazar da aka wanke da ruwan kulorin tun 1997, kuma hujjarsu ba wai kulorin ɗin ne zai kashe mutum ba, cewa suka yi in aka bar masana'anta ta dogara da wankan ƙarshe to za ta yi sakaci da tsafta tun daga gona. Yanzu ma yawancin mayankan Amurka sun koma amfani da wani sinadarin daban. Naman shanun da aka ba maganin ƙara girma kuma Turai sun rufe masa ƙofa tun 1989, an yi ta shari'a a ƙungiyar ciniki ta duniya shekara da shekaru a kai.

Ta fannin ɗanɗano kuwa ni a wajena naman shanun Amurka ya fi na Jamus daɗi nesa ba kusa ba, masara ake ɗura wa shanun shi ya sa yake da kitse a cikin tsoka, ga laushi. Jamus ƙasar alade ce, rabin firijin naman kanti alade ne, naman sa kuma tsada. Kazar kuwa, Allah na tuba, duk kanwar ja ce. Ƙirjin kazar Amurka ɗaya ya kai girman tafin hannun ƙato, amma ki sa a miya minti ashirin ta dagargaje ba ta da ƙamshi ko kaɗan, ta Turai ta ɗan fi ƙanƙanta amma ita ma ba kazar Hausa ba ce. In kina son mai tauri da za ta jure farfesu, nemi tsohuwar kaza mai ƙwai, a Jamus tana cikin firiza da sunan kazar romo, a Ingila da Amurka kuma shagon 'yan Afirka ko na 'yan Asiya.

Malama, wai me ya sa abu ɗaya a hana shi can a bar shi nan? Ba kimiyya ɗaya ba ce?

Kimiyya ɗaya ce, tsoro ne ya bambanta. Turai sun ƙonu a shekarun 1990 da cutar haukan shanu da ta ɓarke a Ingila, mutane suka daina yarda da gwamnati a kan abinci, daga nan aka kafa hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai a 2002, tana garin Parma a Italiya. Tsarinsu shi ne in akwai shakka a dakata tukuna. Amurka kuma tun 1958 suke da wata ƙofa a doka da ta ba kamfani dama ya kawo masanansa su ce wannan sinadarin kowa ya san ba shi da illa, shikenan ya zuba a abinci, sai in an gano matsala daga baya a cire. Shi ya sa farin sinadarin da ake sa wa alawa da cingam don su yi haske Turai suka hana shi a 2022 amma yana nan a Amurka. Shi ya sa kuma a Turai tun 2010 in ka sa wasu kalolin roba guda shida a abinci dole ka rubuta gargaɗi cewa za su iya shafar natsuwar yara, kamfanoni da yawa suka ga gara su koma kalar karas da ta gwoza da su rubuta wannan. Amurka ma ta fara motsi, a farkon 2025 suka soke izinin wata jar kala da aka daɗe ana surutu a kanta.

Amma kar a mayar da Turai aljanna don Allah. A 2013 aka gano naman doki a cikin abincin da aka rubuta naman sa, daga Ayalan har Faransa har Suwidin. A 2011 wata cuta daga tsiron iri ta kashe mutum kusan 50 a Jamus, aka fara ɗora laifin a kan kokwamban Sifen ba gaira ba dalili, manoma suka yi asara. A 2017 miliyoyin ƙwai aka kwashe daga kantuna saboda maganin ƙwari da ya fito daga gonakin Holan da Beljiyam. Kuma akwai inda Amurka ce ta fi tsanani, akwai wani sinadarin zaƙi da suka hana sama da shekara 50 amma Turai ana sha, sannan tun 1998 suke ƙara wa fulawarsu sinadarin folik asid ɗin nan da ake ba masu ciki, abin da yawancin ƙasashen Turai ba su yi ba.

Fanta ɗaya ce ai ko?

Ina! Ta Turai ruwan ɗorawa ce mai haske kuma akwai ɗan ruwan lemo na gaske a ciki, ta Amurka kuwa kalarta kamar rigar masu gyaran titi, babu ruwan lemo ko ɗigo. Coca-Cola ma a Amurka yawanci ba da suga ake yi ba, tun shekarun 1980 suka koma ruwan zaƙin da ake tatsa daga masara saboda masara ta fi musu araha, shi ya sa za ki ga mutane na biyan ƙarin kuɗi su sayi ta Meziko ta kwalba da aka yi da sugan rake.

Cakulan kam ba gardama, Turai ne. Dokar Amurka kashi 10 na koko kawai take nema a cakulan mai madara, ta Turai kashi 25. Na kamfanin Hershey na Amurka yana da wani ɗan tsami a ƙarshen harshe da Amurkawa ke so saboda da shi suka tashi, ni dai na kasa. Ko Cadbury kika gani a Amurka ki duba bayan leda, Hershey ce ke yin sa a can. Ƙwan cakulan ɗin nan na Kinder mai abin wasa a ciki kuma haramun ne sayar da shi a Amurka, wata dokar 1938 ta hana ɓoye abin da ba a ci a cikin abinci, kwastan na ƙwace shi.

Ina ya fi araha?

Ya danganta da abin da kike ci. In ke mai girki ce daga tushe, tumatir, albasa, dankali, madara, yogot, fulawa, mai, to Jamus ta fi sauƙi ƙwarai, kantunan rahusa irin su Aldi da Lidl sun danne farashi har sauran kantuna dole suka bi. Na tuna ina ɗaliba cefanen sati ba ya girgiza ni. A Amurka abin da ke da araha shi ne nama, kaza, shinkafa babban buhu, man gyaɗa na shafawa, lemon kwalba da duk wani abin leda, amma ganye da kayan marmari da cuku mai kyau sai kin yi lissafi. Sai dai albashin Amurka ya fi yawa, shi ya sa in aka auna da kuɗin shiga Ba'amurke na cikin waɗanda suka fi kowa kashe kaso kaɗan a kan cefane a duniya.

Kuma ba duk Turai ke da araha ba, Suwizalan da Nowe sai addu'a, 'yan Suwizalan har tsallaka iyaka suke su je garin Konstanz na Jamus su ciko but ɗin mota su koma.

Abu biyu da za su rikita baƙo. A Turai abin da aka rubuta a kanta shi za ki biya, haraji na ciki. A Amurka sai a wajen kashiya ake ƙara haraji, jihohi da yawa sun yafe shi a kan ɗanyen abinci amma sabulu da lemo da dafaffen abinci yana nan, to kar ki ƙirga kuɗinki cif-cif. A Jamus kuma yawancin robobin ruwa da gwangwanin lemo akwai ajiyar sent 25 a kai, kin sha ki mayar wa inji a bakin kanti ya ba ki rasit. Wata na farko zubar da su nake yi a shara, sai da maƙwabciyata wata tsohuwa ta tare ni a matakala ta yi min faɗa kamar kakata.

Ta fannin samun kaya fa, wa ya fi?

Yawa da kala-kala Amurka ce, ba ma kusa ba. Babban kanti na yau da kullum zai iya ɗaukar kaya kala 30,000, layi guda cur na hatsin karin kumallo ne kaɗai, ki tsaya gaban man salak ki rasa wanne za ki ɗauka. Komai kuma babba ne, madara galan ce mai kusan lita huɗu, a kantin sari na Costco kuwa sai kin biya kuɗin zama mamba na shekara kafin ma ki shiga, ki fito da kayan da sai ka ce biki za a yi. Mu masu iyali da baƙi ba ƙarya yana mana rana, musamman da azumi.

Amma yawa daban, kusa daban. A Jamus daga ƙofar gidana zuwa kantuna uku tafiyar minti bakwai ce a ƙafa, in sayi na kwana biyu in dawo, shi ya sa firijinsu ƙanana ne. A Amurka in ba New York ko irinsu ba, in ba ki da mota kin shiga uku, shekarata ta farko bas biyu nake hawa da jakunkuna a hannu cikin ƙanƙara, ranar da na yi kuka a tashar bas ledar shinkafa ce ta fashe. Kuma akwai unguwannin talakawa da ƙauyuka da babu kantin kayan miya ko ɗaya, sai shagon gidan mai da kantin dala ɗaya, daga gwangwani sai biskit sai abin firiza, su da kansu suna kiran irin wuraren nan hamadar abinci. Mutum na zaune a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi noma a duniya amma sabon tumatir sai ya yi tafiyar rabin awa a mota.

Turai kuma nasu ciwon lokaci ne. A Jamus ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, sai na tashar jirgin ƙasa da gidan mai da wasu gidajen burodi da safe, in kika manta ba ki yi cefane Asabar ba to ke da taliya. A Ingila manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su ranar Lahadi. Amurka kuwa ba ruwansu, har dare ana ciniki, kafin korona ma manyan kantunan Walmart da yawa ba sa rufewa sam.

Kayan lambu da na marmari?

Amurka ba ta san damina da rani ba a kanti, komai akwai kowane wata, daga Kalifoniya, daga Fulorida, daga Meziko, daga Chile. Ga kyau a ido, tuffa na sheƙi kamar an goge ta da mai. Amma tumatirin hunturu ɗanye ake tsinko shi a nuna shi da iskar gas, ki yanka ciki fari ba ƙamshi. Turai ma kar su yi dariya, nasu na hunturu daga rumfunan leda na Almeria a Sifen yake zuwa ko gidajen gilashi na Holan, Jamusawa da kansu suka taɓa yi wa tumatirin Holan laƙabi da bam ɗin ruwa. A farkon 2023 ma kantunan Ingila sai da suka ƙayyade yawan tumatir da tattasan da mutum zai saya saboda yanayi ya ɓaci a Sifen da Maroko.

Inda Turai suka fi shi ne har yanzu suna girmama lokacin abu, in lokacin sitiroberi ya zo za ki ga rumfuna a bakin titi, ga kasuwar sati a dandalin gari da farashin da talaka zai iya. A Amurka kasuwar manoma akwai, kayan ma sun yi kyau, amma ta zama wajen shaƙatawar masu kuɗi. Ni dai shawarata a ko'ina, miya da tumatirin gwangwani na Italiya ta fi miya da sabon tumatirin hunturu. Fiya da mangwaro da masara ɗanya da kankana kuwa Amurka ta fi, albarkacin maƙwabtaka da Meziko.

Hajiya, mu babbar damuwarmu halal ce. Ina ya fi sauƙi?

Ingila, sannan Faransa. A garuruwa irin su Birmingham da Bradford da gabashin Landan har cikin manyan kantuna irin Tesco da Asda za ki samu ɓangaren naman halal, ban da mahauta 'yan Pakistan a kowane lungu. Faransa mahautan Larabawan Aljeriya da Maroko ne suka riƙe harkar. A Jamus shagon Turkawa shi ne gatanmu, nama, ganye, zaitun, burodi, komai, kuma sau da yawa sun fi babban kanti araha. Sai dai a san cewa wasu ƙasashen sun hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba, Denmak tun 2014, yankuna biyu na Beljiyam a 2019, to wanda wannan ya dama ya tambayi mahaucinsa daga ina naman yake.

Amurka kuma kamar komai nata, ya danganta da inda kika faɗo. Dearborn a Michigan sai ka ce kana ƙasar Larabawa, Minneapolis da Columbus ga Somaliyawa, New York da Houston ba matsala. Amma ƙaramin garin jami'a a tsakiyar ƙasa, sai ku haɗa kuɗi da sauran ɗalibai ku je gona ku sayi rago ku yanka ku raba, ko ku yi tafiyar awa biyu ku ciko kula.

Abin da ya fi naman wahala shi ne ɓoyayyen alade. Jelatin, sinadarin danƙo da ake yi da fata da ƙashin dabba, na cikin alawa mai danƙo da wasu yogot da wasu magunguna, alawar Haribo ta Jamus da jelatin alade ake yawancinta, wadda aka yi a Turkiyya ce ta sa. A Amurka ki kula da kitsen alade a cikin waken gwangwani na Meziko da wasu fanke da ɓawon fai, sannan ruwan banila na kek doka ce ma ta ce sai da kashi 35 na giya a ciki, ni gari nake saya. Tambarin abincin Yahudawa, harafin U a cikin da'ira, yana taimakawa wajen sanin babu alade, amma bai hana giya ba, wannan kuma sai ki karanta da kanki. A Turai sinadarai lamba ake ba su mai farawa da E, da farko kamar lissafi, daga baya za ki haddace waɗanda ake gudu.

Kayan tuwo da miyarmu fa, ana samu?

Ana samu, amma ba a babban kanti ba. Landan Peckham, Paris unguwar Château Rouge, Brussels Matonge, Hamburg shagunan 'yan Gana. A Amurka unguwar Bronx ta New York ce hedikwata, Hausawan zangon Gana sun cika can, har waina da koko da tuwon zafi za ki samu na sayarwa, sai Harlem wajen 'yan Senegal, sai Houston. Manja, garin kwaki, doya, busasshen kifi, egusi, duk akwai, sai dai yawancin masu shagunan 'yan kudu ne ko 'yan Gana, to kuka da daddawa da karkashi sai an dace.

Dabarar da na koya ita ce ki daina neman sunan, ki nemi abin. Gero da dawa da tsamiya da garin shinkafa da man shanu suna shagon Indiyawa. Zoɓo yana shagon 'yan Meziko jibgi guda, suna ce masa hamaika, can ma za ki samu naman akuya da ƙafar sa da tumbi da barkono mai zafin attaruhu. Kuɓewa da farin wake mai baƙin ido kuwa a kudancin Amurka abincin gida ne, bayin da aka kwaso daga yankinmu ne suka bar musu gado, a kowane kanti akwai, ƙosai da alale ba sa gagara. A nan Amurka ta fi Jamus nesa. Gargaɗi ɗaya, abin da suke rubuta wa doya a kantin Amurka dankalin Hausa ne mai jan ciki, kar ki saya da niyyar sakwara. A Turai kuma waken Najeriya ya yi wuya tun 2015 da Tarayyar ta hana shigo da shi saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki.

Nono fa? Ana iya dama fura?

Ana iyawa. A Jamus yogot mara suga na Turkawa na bokiti shi ya fi kusa da kindirmo, ga araha. A Amurka yawancin yogot an cika masa suga da kala, ki nemi wanda ba a sa komai ba ki haɗa da madarar tsami da suke yin fanke da ita. Madarar kwali da ba ta buƙatar firij ita ce ta yau da kullum a Faransa da Sifen, Amurkawa kuma kallon mamaki suke mata. Nido na gwangwani yana layin kayan 'yan Latin.

Aldi na Amurka da na Jamus ɗaya ne?

Gida ɗaya, kaya daban. 'Yan uwa biyu ne suka raba kamfanin gida biyu, na kudu shi ya buɗe a Amurka a 1976, iyalan na arewa kuma su suka sayi kantunan Trader Joe's na Amurka a 1979. Tsarin dai iri ɗaya ne, ki sa kwabo ki ciro keken cefane, ki zo da jakarki, kashiya na zaune tana watso miki kaya kamar ana kora ta. Amma yawancin kayan ciki na Amurka ne, sai cakulan da wasu 'yan abubuwa da ake kawowa daga Jamus. Walmart kuwa ta gwada Jamus a 1997 ta tattara ta fice a 2006, Tesco ma ta gwada Amurka ta dawo gida a 2013.

Zan taho wata mai zuwa, in ƙullo kilishi da dambun nama?

Kar ki fara. Amurka da Turai duka sun hana shigo da nama daga ƙasashenmu a jakar matafiyi, busasshe ne ko soyayye, Turai har da madara da cuku da man shanu. A filin jirgin Amurka akwai ƙananan karnuka masu sunsuna jaka kuma ba sa kuskure, in kika ce ba ki da abinci aka samu to tara ce mai zafi, in kika faɗa tun farko yawanci karɓewa kawai za su yi su jefa a shara kina kallo. Har dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza ko nama suna iya ƙwacewa. Ɗanyen mangwaro, goba, duk wani abu mai iri ko ƙasa a jiki, bar shi a gida.

Abin da ya saba wucewa shi ne busasshe kuma niƙaƙƙe, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, garin kunu, daddawa, amma ki faɗa musu kina da su, ki rubuta sunan kowanne a jikin leda da Turanci. Ita daddawar ki naɗe ta leda uku ki sa a roba mai murfi ki bi da salatif, in ba haka ba duk atamfofinki sai sun yi wata guda suna ƙamshin miya. In da sauran wuri a jakar kuma ki taho min da kuka mudu ɗaya, tawa ta kusa ƙarewa.